Ɗankwalinki a Kan Tafireta

Zuwa ga mahaifiyata,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi, a cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Na san kina hutawa a wurinsa. Mu ma nan Kafanchan muna lafiya, ƙafar Baba kuma ta yi sauƙi.

Dalilin wannan wasiƙa shi ne jarrabawar shiga makarantar koyon kasuwanci ta Kaduna, wadda kika daɗe kina yi mini fata. Saura mako uku. Turanci da lissafi ba su dame ni ba, bugun tafireta ne damuwata. Suna son kalma talatin da biyar a minti ɗaya. Ni kuwa tun Ista nake kan ashirin da takwas, ba gaba ba baya. Baba ya ce sau ɗaya zan gwada. In ban ci ba, sai gona.

Ba lalaci na yi ba, Mama. Tun da ba mu da tafireta a gida, na zana haruffanta a kan kwalin sukari. Kullum in na gama wanke-wanke sai in zauna gindin mangwaro in yi ta bugawa, har kwalin ya huje a wurin harafi biyu.

Ran Litinin malamarmu ta ajin koyon tafireta, Madam Okeke, matar direban jirgin ƙasa, ta tsaya a bayana ta daɗe. Ita ta gano abin. Kowace kalma sai na sunkuya na dubi yatsuna. Ashe kwalin nan da nake taƙama da shi, shi ya koya mini kallo. Ta ce in zo da ƙyalle in rufe hannuna.

Na ji kunyar tambayar kowa. Sai na buɗe akwatinki na ɗauko ɗankwalinki na zumuntar matan coci. Ki gafarce ni, ban gaya wa Baba ba.

Ranar farko na faɗo goma sha bakwai. 'Yan aji suka yi dariya, ni kuwa na kasa ɗaga kai. A hanyar gida na yi ta tunani: in na koma kallo, ashirin da takwas ɗina na nan, zan faɗi jarrabawar amma ba wanda zai yi mini dariya. In na zauna da ɗankwali, ban san inda zan tsaya ba.

Sai na tuna ki lokacin tsaga citta. Kina zaune a kan dutse, wuƙa na tafiya, idonki na kan maƙwabciya kuna hira, ko kan akuyar da ke neman shanya. Ni kuwa ina kallon wuƙata kamar za ta gudu, kuma ni ce mai yankewa. Kikan ce, "Rifkatu, hannunki ya iya, ke ce ba ki yarda da shi ba." A lokacin na ɗauka faɗa ne.

Yau na buga ashirin da bakwai. Ya gaza na baya da ɗaya, amma ko sau ɗaya ban leƙa ba. Madam ta gyara mini bakin ɗankwalin ta wuce.

Ba za su bar ni in shiga da shi ɗakin jarrabawa ba. Zan ninke shi in sa a jaka.

Ubangiji ya ƙara miki hutu, ya ba yatsuna sauri, ya kuma riƙe mini idona a kan takarda. Amin.

Taki har kullum,
Rifkatu