Ragon da na yanka tun ba a kira Habu ba

Asabar da dare, ƙarshen Afrilu, Zango

Alhamdu lillahi, yau an kira sunan Habu! Jikana, ɗan ɗiyata Hadiza, wanda aka haifa a Amirka, wata babbar ƙungiya ta zaɓe shi a ƙwallon nan tasu da ake runguma a ruga da ita.

Amma na sha kunya tukuna. Na ɗauka zaɓen kamar sakamakon jarrabawar lakwal ne, wato makarantar boko, a karanta sunaye duka rana guda. Tun Alhamis na yanka rago, na tara maƙwabta gaban tele. Har asuba babu Habu. Malam Isufu ya riƙe hannuna yana cewa, "Sai haƙuri, Alhaji," kamar an yi rasuwa. Ashe kwana uku ake yi.

Ɗazu Habu ya kira ni a salula da karyayyar Hausarsa. "Tsoho, ka cinye ragona tun ba a kira ni ba? Ka ma san aikina a fili?"

Na ce, "Ja'iri, na san kana ture mutane."

Muka yi dariya, amma maganar ta tsaya mini a rai. Yaro zai yi ta karo da ƙarti, kakansa bai san lokacin murna ba?

Da furfurata na shiga makarantar dare, abokai suna yi mini tsiya, kuma na iya karatu. Gobe Hadiza za ta fara koya mini dokokin wasan ɗaya bayan ɗaya. Ranar wasansa na farko, in Allah ya yarda, duk ihun da zan yi sai na san dalilinsa.