Gaiwar Tafkin Baba

Zuwa ga Yaya Kailani, a wurin aikin hanyar jirgi a Baro. Daga ƙanwarka Lauratu, Tudun Wada, Zariya.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri, Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Ishatu da yara. Inna tana nan da sauƙin ƙafa, sai dai kuka ya hana ta cin abinci. Malam Ɗantsoho ne ke rubuta mini, na kuwa roƙe shi kada ya sassauta ko kalma guda.

Yaya, jini ya zuba a tafkin da ke gindin gonar Baba. Ka tuna shekarar da Bature ya zo raba mu da masuntan ƙetaren rafi, kai ne ka yi masa tafinta, ka ce ruwa nasu, ƙasa tamu. Kowa ya yi murna, har aka ba su ƙanwarmu Maijidda aure don zumunci ya ɗore. To, bana tafkin ya ƙafe ƙaf, sai taɓo. Ka san halin gaiwa, in ruwa ya janye sai ta shige ƙasa ta kwanta. Ƙanenmu Labaran ya ɗauki fartanya ya je tono, ya ce abin da ke cikin ƙasa amfanin gona ne. Masunta suka ce kifi kifi ne, ko a kan bishiya ya kwana.

Ranar Talata da hantsi suka ƙetaro da masu da sanduna, namu suka fito da lauje da gatari. Wayyo Allah, ban taɓa ganin irin wannan rana ba! Maza sun nutse a taɓo har gwiwa, ba mai iya gudu, sai sara da suka. An fasa wa Lawal kai, an karya hannun Baba Kato, bukkokin masunta uku sun ci wuta. Muntaka, mijin Maijidda, ya shiga tsakani yana ɗaga hannu, taɓo ya rufe masa fuska har ba a gane shi. Labaran ya kai masa fartanya a wuya. Sai da aka wanke gawar ya ga wanda ya kashe, ya faɗi yana birgima. Duk a kan gaiwa bakwai, waɗanda suka ruɓe a rana ba wanda ya ci.

Dogarai sun tafi da Labaran da mari a ƙafa. Alƙali ya ce in taɓo ƙasa ne, to yana tsare gadonsa ne, za a sassauta. In kuwa ruwa ne, shi ya shiga haƙƙin mutane, sai kisa. Baturen ya koma garinsu, kai kaɗai ka ji abin da ya fito bakinsa. An ba mu zuwa tsayuwar wata mu kawo ka ka ba da shaida. Na ji haushinka, ba zan ɓoye ba, don magana zarar bunu ce, ga shi taka ta zaro mana wuta. Ka taho, don Allah, ko da ƙafa ne.

Inna tana gaishe ka, da Kulu, da Saratu. Labaran ya aiko a ce ka yafe shi. Maijidda tana takaba a ɗakin Inna. Na tambaye ta saƙo, ta ce in gaya maka ka faɗi gaskiya kawai, ita ma za ta zo ta ji.

Wassalam. Ƙanwarka, Lauratu.