Muryar Takwaranka

Alice Springs, Maris

Babana,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Yaya gwiwar? Ina fatan kana shan maganin yadda likita ya ce, ba yadda ka ga dama ba. Yaya Hobart da ruwan samanta? Tunda ka rantse ba za ka riƙe wayar hannu ba, to ga takarda.

Faifanmu ya kammala. Wani ƙaramin kamfani a Melbourne ya buga mana shi a faifan garmaho irin naku na da, wanda yara suka dawo da yayinsa. Watan Mayu zai fito. Gidan rediyon matasa ma ya zaɓi waƙa ɗaya zai sa a shirinsa na sababbin makaɗa, kuma an ba mu gurbi a wani bikin kiɗa a Darwin. Na san abin da za ka ce, wai kiɗana ba shi da maraba da ƙugin tsohon firji. To, firjin ya samu shiga.

Mu uku ne har yanzu. Ni ce a kan na'urori, Declan yana kaɗa jita, sai mai waƙarmu, takwaranka Wesley. Mutumin wani ƙauyen 'yan asalin ƙasar nan ne can yamma cikin hamada. Ciwon ƙoda ya kawo shi gari, injin wankin ƙodar kuma ya ɗaure shi a nan, don ba ya iya yin nisa da asibiti. Da harshensu yake waƙa, kuma yawancinta sunayen wurare ne, dutse kaza, rijiya kaza, inda aka haifi kakarsa. Tun da na ba shi labarin tsokanarka ya daina kiran sunana. Ranar da muka gama ɗauka ya ce, "Ke 'yar firji, ni ba ruwana da Melbourne. Ki dai tabbata rediyon garinmu ya samu. In ƙafa ta kasa zuwa gida, murya ta je."

Ya ce in gaishe da takwaransa, wai ya ji labari kai ma ba ka jin maganar likita.

Ka huta lafiya.
'Yarka, Marnie

Alice Springs, ƙarshen Afrilu

Babana,

Ina gaisuwa. Na samu wasiƙarka da kwalbar zumar, na gode. Ina fatan gwiwar ta yi sauƙi.

Gaisuwar da ka aiko wa takwaranka ba ta same shi ba. Rai ya yi halinsa ranar Talata da safe a asibiti. Zuciyar ce ta gaji, in ji su. Ranar Asabar ɗin da ta gabata muna tare yana yi wa Declan dariyar sabon askinsa.

Ka lura ban rubuta sunansa ba. Ka san al'adar mutanensa: in mutum ya rasu, ana ajiye sunansa da hotonsa da muryarsa sai ranar da dangi suka ce a ɗauko. Kumanjayi ake ce masa yanzu, shi da duk mai irin sunansa. Akwai wani bakanike a layinmu da ya wayi gari shi ma haka ake kiransa, kuma yana amsawa.

Kwalayen faifan sun iso kwana biyu bayan rasuwar. Hotonsa ne a bango, yana dariya, hularsa a karkace. Na tura su ƙarƙashin gado.

Declan yana so a fitar a ranar da aka sa. Ya zo ya tsaya mini a ƙofar kicin yana cewa, "Haba Marnie, kowa gargaɗin cewa akwai muryar mamaci yake sawa a farko ya wuce. Shi da bakinsa ya ce a kai muryar gida. Mu ne za mu hana shi?" Bai yi ƙarya ba, abin da ya sa maganar ta dame ni ke nan. Kuma Declan ba mugu ba ne. Shekara da shekaru yana wanke kwanuka a gidan abinci yana jiran irin wannan ranar. Amma na san yadda rediyo yake a ƙauyen takwaranka, kowace mota da kowane shago a kunne. Yayarsa, Goggo Valda, za ta shiga sayen sukari ta ji ƙaninta yana kiran sunan rijiyarsu daga bayan kanta.

Ita ce mai yanke magana, kuma tana zaman makoki a ƙauye. Ba a zuwa wa mai makoki da zancen faifai. Na kira gidan rediyon matasan na ce su dakata, matar da ta ɗauka ta gane tun kafin in gama bayani. Kamfanin Melbourne ya ce zai jira, amma gurbin rediyo da na Darwin ba sa jiran kowa.

Declan ya ce to a cire muryar a fitar da kiɗan kawai. Na gwada. Abin da ya rage, Baba, gaskiyarka ce, firji ne. Ko a hakan ma muryar ba ta fita duka ba, don a waƙa ta uku makirufon jitar ya kama tarinsa da 'yar dariyarsa. Na rufe kwamfutar na je na wanke kaya.

Ka kula da kanka.
Marnie

Alice Springs, Yuli

Babana,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji an ce ƙanƙara ta rufe dutsen bayan gari, ka riƙa sa rigar nan da na aiko, ba ado na saya maka ita ba. Mu ma nan sanyi ya kankama.

Ranar fitar faifan ta zo ta wuce. Gurbinmu a rediyo an ba wasu yara daga Brisbane, kuma abin haushi, waƙarsu tana da daɗi. Declan ya koma Melbourne ya shiga wata ƙungiya. Mun rabu lafiya, har ya bar mini abin ɗora jitarsa, ko da yake ina jin mantuwa ce.

Bayan jana'iza da 'yan makonni Goggo Valda ta aiko in zo. Na ɗauki bargo da ganyen shayi da gari da wutsiyar kangaru, naman da suke so, na kama hanya. Na tarar da ita a bakin wuta da wasu mata. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na ba su hannu ba tare da magana ba, kamar yadda ake yi. Sai da shayi ya zagaya sau biyu sannan ta tambaye ni wuraren da ya ambata a waƙoƙin. Na jero mata su da karyayyen harshena, matan suna gyara mini suna danne dariya.

Na gaya mata abin da ya ce game da ƙafa da murya, don haƙƙinta ne ta sani. Ta ce, "Haka yake tun yana yaro, komai yanzu-yanzu. Ya jira. Kunnuwanmu ba su warke ba tukuna." Ta ce wataƙila baɗi, wataƙila gaba da baɗi, za ta aiko. Ban tambaye ta ko kamfani zai kai lokacin ba, don ba matsalarta ba ce.

Da zan tafi ta biyo ni mota ta tambaya ko na zo da abin. Akwai faifai guda ɗaya a bayan kujera, na nannaɗe shi da rigar matashin kai saboda hoton. Ba ta buɗe ba. Ba ta ma da abin kunna shi, kaf ƙauyen babu mai shi. Ta rungume shi a ƙirji ta shige da shi ɗaki, na ji tana yi masa faɗa ƙasa-ƙasa da harshensu.

Na yi tafiya mai nisa kafin in tsaya a gefen hanya. A nan na yi kukan da ban yi ba tun Afrilu. Ina kewarsa ƙwarai, Baba.

Sauran kwalayen suna nan ƙarƙashin gado. Na koma aikina na gyaran lasifika a makarantu, kuma ina cin abinci, kada ka tambaya.

In ka duba ambulan za ka ga sunan gidanmu, Mista Halloran, kawai na sa. Na ɗauki biro zan rubuta sunanka kamar kullum, hannun ya ƙi. Ma'aikacin gidan waya ya san gidan, za ta iso.

Taka har kullum,
Marnie