Ba Basir Ba Ne

Damagaram, 4 ga Maris, 1956

Jummai,

Kada ki ba mijinki Tahiru wannan takarda ya karanta, kuma kada ki ajiye ta sai kin kai ƙarshe, ko da ranki ya ɓaci. Zai kuwa ɓaci.

Bayan haka, ina gaishe ki. Ina fata kuna lafiya, ke da maigidan da yara da mutanen Mirriya.

Yayarki tana asibiti. Jiya lokotoron Nasara ya buɗe cikinta, ya duba, ya mayar ya ɗinke. Ciwon daji ne a hanji, ya riga ya bazu. Ya ce ba kasafai ake ganin irinsa ba, amma yakan tsiro bayan shekaru a wurin da hasken radiyom ya taɓa. Kin dai tuna shekara goma da suka wuce na kai ta Dakar aka gasa mata bakin mahaifa, ta warke, muka yi sadaka.

Shekara biyu tana ganin jini in ta zaga. Ke ta gaya wa. Ke kuma kika yanke cewa basir ne, kika riƙa aiko mata da sassaƙen marke daga kasuwarku. Na sa ki makarantar lakwal ne don ki zama mai jiƙo? Da a watannin farko aka gani, da an yanke wurin. Ki taho, tana cigiyarki.

Ki gaida yara.

Mahaifiyarki,
Ramlatu

Damagaram, 29 ga Afrilu, 1956

Jummai,

Ina gaishe ki, da fatan kin koma gida lafiya. Ya ƙarin haƙurinmu.

Kwana bakwai kika yi a nan ba ki dubi idona ba, sai da kika tafi kika rubuto. Kin ce ba a kai wa uwa maganar bayan gida, balle 'yar fari wadda ban taɓa kiran sunanta ba. Ba ki da ladabi, amma ba ki yi ƙarya ba.

To ga abin da ba ki sani ba. Ranar da aka sallame mu a Dakar, an ba ni takarda da Faransanci: in ta ga jini a bayan gida, ko bayan shekara ashirin ne, a kai ta asibiti nan take. Na karanta, na gane, ni da na yi shekara talatin ina karɓar haihuwar matan Birni da Zango. Amma na kasa zaunar da yayarki Shatu in yi mata wannan magana. Na ce sai ta ƙara ƙarfi, na sa takardar a akwati. Mutane suna yaba ni da kunya, ni ma ina jin daɗin yabon. Yanzu su zo su yi wa 'ya'yanta uku kitso.

Yaran suna hannuna. Suna gaishe ki, ki gaida Tahiru.

Daga yau, a gidan nan da naki, duk macen da ta ga jini ko ƙari a jikinta, ko a ina ne, ni za ta fara gaya wa, a ranar, da bakinta. Ba a shan jiƙon kowa sai lokotoro ya duba. Wadda ta ga ba za ta iya ba don kunya, ta nemi wani gidan.

Mahaifiyarki,
Ramlatu