Na Koya wa Yaran Layinmu Lissafi, An Zargi Jikata da Fitar da Amsa

Assalamu alaikum, 'yata mai kula da wannan fili. Don Allah ki taimake ni da shawara, abin ya sha mini kai, kuma duk wanda na kai wa kuka a gida sai ya ƙare da ba ni laifi. Ni tsoho ne, kafinta, idona ya fara gajiya, in kin ga zancena yana yawo ki yi haƙuri da ni.

Bari in fara da farin cikina, don kada ki ɗauka ni mutum ne mai ƙorafi. Jikata, 'yar babban ɗana, ta zama malamar makaranta. A duk zuri'armu ita ce ta fara tsayawa gaban allo. Ranar da ta zo shago ta gaya mini an ɗauke ta, ina cikin haɗa ƙafar tebur, na ajiye guduma na rasa inda zan sa kaina. Har wani bawan Allah da ya zo karɓar ƙofarsa sai da na zaunar da shi na ba shi labari, shi da ko saninta bai yi ba. Ni ban shiga aji ba sai da furfura ta fara leƙo mini. Ajin yamma na manya na yi, bayan an tashi daga aiki, muna zaune a kan bencin yara gwiwoyinmu na neman taɓa haɓa, ƙurar katako har cikin gira. Yau ga jinina ana ce mata Malama. Ni ma haka nake ce mata, sai in tsokana ta motsa in ce amaryata, ita kuma ta ce ba ta auren mai warin fenti.

Aji uku aka ba ta, yara maƙil da ɗaki, littafin lissafi kuwa sai yara sun haɗa kai a kan guda. Wata rana na tambaye ta yadda take yi, sai ta nuna mini wani shafi a intanet inda malamai suke ajiye darussa kyauta. Akwai takardun tambayoyi, akwai hotuna, akwai bidiyon wata mata tana raba lemu don yara su gane kashi. Na matsa mata sai da ta sa mini shi a wayata, ta koya mini inda zan danna. 'Yata, na kamu. Abin da malaminmu na yamma yake fama ya rubuta da guntun alli, ga shi nan jibge, ba mai ce maka kawo ko sisi. Data ce kawai take ƙarewa, da sabis da sai na fita bakin titi na ɗaga hannu sama kamar mai tsayar da mota.

To, yaran layinmu sun saba taruwa a ƙofar shagona bayan an tashi makaranta, suna tsintar guntayen katako suna yin motoci. Da yawansu 'yan ajinta ne. Sai na ce a raina, maimakon su yi ta cika mini kunne, me zai hana in rage wa Malama nauyi? Ina da wani benci da masu shi ba su zo sun ɗauka ba. Na riƙa zuwa wurin mai buga takardu, in nuna masa na aji uku, ya fitar mini. Kowace takarda biyu take zuwa, ɗaya tambayoyi, ɗaya amsoshi. Mu kuwa yadda aka koya mana shi ne, malam ya rubuta tambaya, ya rubuta amsa a gabanta, mu yi ta maimaitawa da ƙarfi har ta zauna. Da haka na iya karatu, da haka nake auna katako yau ba na kuskure. Haka na yi musu. In karanta tambaya, su amsa gaba ɗaya, har mai wankin da ke gefena ya haddace wasu. Ban gaya mata ba, so nake ta ga yaran sun buɗe ta yi mamaki.

Ta kuwa yi mamaki. Ashe da jarrabawar tsakiyar zango ta zo, daga wannan shafin ta ɗauko takarda, kuma cikin waɗanda muka sha maimaitawa ce, ba a canja ko lamba ɗaya ba. Yaran layinmu suka cinye duka. Har ɗan mai wanki, wanda kowa ya san in lissafi ya wuce goma sai ya cire takalmi ya ƙara da yatsun ƙafa. Wasu sun gama tun ba ta gama raba takardu ba. Abin da ya fi ɓata lamarin, injin buga takardu na makarantarsu ya yanke tambayar ƙarshe, ba ta fito ba sam, amma yaranmu suka rubuta amsarta a ƙasan takarda, daidai kuwa.

Uwar wata yarinya da ta saba zuwa ta ɗaya ta kai ƙara wurin hedimasta, cewa Malama tana ba 'yan unguwarsu amsa. Ya kira ta ofis, ta rantse ba ta san komai ba, kuma gaskiyarta ne. Sai aka kira yaran, suka ce ai kakan Malama ne ya koya musu. Kin ga an koma gidan jiya, don yanzu gani ake ita ta ba ni takardar. Ga shi ba a tabbatar da ita a aikin ba tukuna, hedimasta ne zai rubuta rahoto a kanta a ƙarshen zango, kuma ya ce maganar ba ta mutu ba.

Ta zo shago ran nan, ba ta zauna ba, ba ta tsokane ni ba. Ta ce na sa ana nuna ta da baki a ɗakin malamai, ta roƙe ni in fita daga harkar ajinta, ta juya idonta cike da hawaye. Tun daga nan gaisuwarta ta bakin ubanta take iso ni. Kakarta ta ce dama na cika shisshigi, wai tunda na iya danna waya na ɗauka an naɗa ni sufeto. Ɗana kuma ya ce kada in kuskura in taka makarantar. Har na sa rigar fita zan je in nuna wa hedimasta wayata, ya tare ni a ƙofa kamar ni ne ɗan shi ne uban.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, me na sata? Abu ne a fili, an rubuta kyauta, kowa na iya shiga. In ba a so a ga amsa, me ya sa aka ajiye ta kusa da tambaya? Sauran iyayen su ma suna da waya, wa ya riƙe musu hannu? Kuma yaran nan sun zauna sun wahala, ba a aljihu na sa musu takarda ba, a ka na sa musu. Wani lokacin kuma in na tuna fuskarta sai in ce ko dai ni ne zan zama sanadin raba ta da allon nan. Yaran har yanzu suna zuwa suna zama a benci suna kallona.

Ki gaya mini, in je wurin hedimasta ko kada in je? In kori yaran? Kuma ta wace hanya zan bi Malama ta dawo tana shigowa shagona?

Naki, Kakan Malama.

AMSA

Wa alaikumus salam, Baba. Da farko ina taya ka murna, Allah ya sanya albarka a aikin Malama. Mutumin da ya shiga aji da furfura, yau yake tara yaran maƙwabta yana koya musu, ba abin kora ba ne.

Ba ka saci komai ba. An ajiye darussan nan ne don a ɗauka. Amma takardar amsoshi ta mai koyarwa ce, don ya duba aikin yaro bayan ya gama, ba don yaro ya haddace ba. Hanyar ajin yamma ta yi muku amfani domin ku manya ne, kuna komawa shago ku yi aiki da abin da kuka maimaita. Yaro kuwa in ya haddace amsa yakan tsaya nan. Ka gwada da kanka: ka canja lambobin tambaya ɗaya ka ba ɗan mai wanki, za ka ga inda karatun ya kai. Kuskurenka na biyu shi ne ɓoye mata. Ajinta ne, da ka tambaye ta da ba a zo nan ba.

Ita ma Malama tana da nata. Takardar da kowa ke iya buɗewa a waya, amsarta na maƙale da ita, ba a mai da ta jarrabawa yadda take. Irin waɗannan shafuka na samun dabara ne da aikin gwaji a aji. In za a auna yara, sai malami ya sake lambobi da misalai, ya kuma duba ko sun dace da manhajar makarantarsa. Kuskure ne na sabon malami mai yara da yawa da ƙarancin littattafai, kuma ana gyara shi. Fitar da amsa kuwa cin amana ne. Aikin da ke gabanku shi ne hedimasta ya gane wanne daga cikin biyun ya faru.

Saboda haka kada ka je makarantar kai kaɗai. Ɗanka ya yi daidai. In kaka ya je yana kare ta ba da saninta ba, sai a ga yarinya ce da ba ta iya tsaya wa kanta, alhali ana shirin rubuta rahoto a kanta. Wurinta za ka fara zuwa, har gida, ba aike ba. Ka ajiye maganar kyauta ce da sauran iyaye ma suna da waya. Ka ce mata ka jawo mata abin da ba ta ji ba ta gani ba, kuma ka yi nadama. Girmanka ba zai ragu ba. Ka tafi mata da duk takardun da ka buga, domin su ne shaidarta: za a ga tarin darussa ne ka bi da yaran tun kafin a sa ranar jarrabawa, ba takarda guda aka zaro aka ba ka ba.

Daga nan ita za ta je wurin hedimasta da ƙafarta, ta buɗe masa shafin a gabansa, ta amsa nata kuskuren, ta nemi a sake wa ajin duka jarrabawa da tambayoyin da ta tsara da kanta, wani malami ya duba. Wannan zai kwantar da hankalin uwar da ta kai ƙara, wadda ita ma tana da hujjar yin fushi. Ka gaya wa Malama kana nan a shirye, in ita ko hedimasta suka buƙaci jin ta bakinka za ka zo. In ba su nema ba, ka zauna a shagonka. Ba zan yi maka alkawarin abin da zai rubuta ba, amma malamar da ta kawo gaskiya da gyara tare ta fi wadda aka bari zargi yana bin ta.

Yaran kuwa kada ka kore su, ka dai dakatar da karatun har maganar ta lafa. In Malama ta huce, ka tambaye ta ko ta yarda ka ci gaba, kuma ita ta zaɓa maka abin da za ku yi. Takardar amsa ta zauna a aljihunka, yaro ya yi aikinsa a gabanka ka ga yadda ya bi ya kai. In ta ce a'a, ka karɓa da zuciya ɗaya.

Kada ka matsa mata ta saki fuska a ranar. Tsoro ne ya cika ta, aikin da ta daɗe tana nema take gani yana rawa. Ka faɗi naka, ka ba ta lokaci. Allah ya wanke ta daga zargi, ya tabbatar da ita a aikinta, ya daidaita tsakaninku, kai kuma ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.