Kada a gusa madubin Baba

Mardiyya,

Na tafi mayar da kakarmu Inno garin Adabka, sai la'asar in Allah ya so. Na iske kina barci, ban tashe ki ba.

Madubin duban wata na Baba yana nan bisa soro, inda ya girke shi ran Lahadi. Ruwan da anka yi jiya lokacin jana'izar Baba duk a kan madubin ya ƙare, ba wanda ya tuna. Na hau da safe na goge, na rufe shi da tamfol ɗin shanyar wake. In rana ta fito ki buɗe ya sha iska, in hadari ya taso ki mayar.

Ko Inna ta ce a shigo da shi ɗaki, kada ki bari a gusa ƙafafunsa. Gobe ashirin da tara ga wata, Liman zai aiko a duba. Baba ya riga ya saita shi inda jinjirin watan zai fito, kuma ruwa ya wanke alamar gawayin da ya yi a ƙasa. In anka gusa, ba mu da wanda za mu tambaya.

Shafi'u