Kwana Ashirin da Takwas

Gutu, 3 ga Maris, 1994

Ƙanwata Marwei,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da yara kuna lafiya. Ni ina nan. Masara ta yi rabi, gwiwata ma ta yi rabi.

Maganar Shuvai ce. Uba ba ya zancen ciki da 'yarsa, aikin gwaggo ne, shi ya sa na biyo ta kanki. Wata huɗu ke nan da aurenta, kuma tana shan sabon maganin farfaɗiyar nan. Na samu takardar cikin kwalin na karanta, ban ji daɗi ba.

Saurara, ko da ba ku saba saurarona ba. A mako na uku, ɗan tayi bai kai ƙwayar shinkafa ba, amma akwai wata 'yar tsaga a bayansa. Tana ɗinkewa daga tsakiya, ta yi sama ta yi ƙasa, ta zama ƙwaƙwalwa da lakar baya. Zuwa kwana ashirin da takwas an gama, tun uwar ba ta tabbatar tana da ciki ba. Wannan magani yakan hana ɗinkin ƙarasawa, a haifi yaro da baya a buɗe. Na ga irinsu biyu a shekaru ukun da na yi ina karatun likita, kafin a kore ni saboda na yi magana a taron ɗalibai.

Ki kai ta wurin likita ya duba maganin kafin ta ɗauki ciki. Kada ki tsaya sai an zo hutu.

Yayanki,
Takawira

Chitungwiza, 15 ga Maris

Yaya Takawira,

Muna gaishe ka, muna lafiya, sai dai ka ɗaga mana hankali.

Kai dai har gobe kana gaban allo! Wa ya aike ka leƙa cikin mace? To ka makara, malam. Wata biyu ke nan ba ta ga al'ada ba. Ni kaɗai ta gaya wa, ko surukarta ba ta sani ba, kuma ba a faɗa sai ya fito. Ban so gaya maka ba, bakinka ba ya rufuwa.

Na karanta mata wasiƙarka, ta yi ta kuka har ta kasa tuƙa tuwon sadza. Na ce share hawayenki, 'yar yayana, abu mai sauƙi ne. Na kwashe ƙwayoyin nan kaf na zuba a masai. Yau kwana biyar ba ta sha ba, ga ta nan garau. Ka ga mu da ba mu je jami'a ba mun gama aikin a yini ɗaya.

Ka huta lafiya,
Marwei

Gutu, 19 ga Maris

'Yata Shuvai,

Ina gaishe ki da mijinki. Na san ba a yin haka. Ki ji kunyata daga baya, yanzu ki karanta.

Ki je asibiti yau, ki ce kin daina magani farat ɗaya. Yau, ba gobe ba. Wanda ya yanke shi haka, farfaɗiyar takan dawo fiye da da, wani lokaci ba ta tsayawa. Kada ki matsa kusa da murhu. Kada ki rufe ƙofar wanka. Kada ki tsallaka titi ke kaɗai.

Zubar da ƙwayoyin bai gyara komai ba. Na ƙirga a kalanda har sau uku: tsagar nan ta rufe ko ba ta rufe ba tun kafin in ɗauki biro. Kuma akwai abin da ban rubuta wa gwaggonki ba, don ina so ta ji tsoro ta motsa: cikin yara ɗari, ɗaya ko biyu ne abin ke samu. Shekara talatin ina koyar da kimiyya a ƙauye ba wanda ya ji maganata, ranar da aka ji kuma ga abin da ta jawo.

Wasiƙa kwana huɗu take yi. Ina zaune ina lissafin su.

Allah ya tsare min ke,
Babanki

Chitungwiza, 27 ga Maris

Baba,

Ina gaisuwa. Na faɗi ranar Lahadi a wurin wanki, kafin wasiƙarka ta iso. Haƙori ɗaya ya karye, shi ke nan. An mayar da ni kan magani. An yi hoton ciki, an ga zuciyar ɗan tana bugawa, amma likita ya ce bayan ba zai ganu ba sai wata na biyar.

Gwaggo ta ce kada in amsa maka. Ka rubuto min duk mako abin da ke tsirowa a jikinsa. Kada ka rage, kada ka ƙara.

'Yarka,
Shuvai